Dariyar nan akwai ɗaci a ƙarƙashinta

Malam, na karanta bitar da ka yi wa waɗannan gajerun labaran na zamanin kiɗan jaz, wato shekarun 1920 a Amurka, amma ban yarda da kai ba inda ka ce raha ce kawai ta 'yan gayun Niyok. Duba lokacin mana. Daga 1920 zuwa 1933 doka ta haramta sayar da giya a Amurka, sai shaye-shayen ya koma gidajen ɓoye, riba kuma ta koma aljihun 'yan daba. Barasar masana'antu da gwamnati ta sa a gurɓata da guba, ita ake sacewa a sayar wa mashaya, mutane suka yi ta mutuwa.

Ga gidan rawar Cotton Club a Harlem, unguwar baƙaƙen fata a Niyok, hannun ɗan daba Owney Madden. Baƙaƙen fata ne ke kiɗa da rawa, amma kujerun kallo na Turawa ne. Kai da unguwarku, ba ka isa ka zauna ba! A bayan layi kuwa, masu haya kan haɗa casu a ɗakinsu, a biya kuɗin shiga, don a samu na mai gida kafin wata ya ƙare.

Shi ya sa barkwancin marubutan nan yake da kaifi. A cikin labaran, budurwa ta ci ado tana zuba zolaya a wajen liyafa, alhali bashi ya kai mata wuya. Wannan ai ba raha ba ce zalla. Kuma ko kalma ɗaya ba ka ce ba kan rushewar kasuwar hannun jari ta Niyok a Oktoban 1929, wadda ta kawo ƙarshen wannan holewar.