Kifin rijiya ke ba da labarin teku

Wallahi ban so in yi magana ba. Sati 3 ke nan da dawowarmu daga Zanzibar ni da yara, ƙananan maganganu suna ta zagayowa kunnena ina kau da kai. Amma abin da aka yi jiya a gidan suna ya fi ƙarfin in haɗiye. Waɗanda suke wurin sun ji da kunnensu, waɗanda ba sa nan kuwa na san kafin magariba an kai musu har ɗaki. Ba zan kama suna ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Wai mun kwashi yara mun kai su bakin ruwa kallon tsiraicin Turawa. Wai da kuɗin bashi muka je. Wai duk don a ɗora hoto a waya ne. Mai faɗar nan kuwa, iyakar ruwan da ta taɓa gani da idonta shi ne na Tiga, shi ma ta tagar mota. Kifin rijiya ke ba mutane labarin teku, har ana gyaɗa masa kai.

To bari in yi wa masu gyaɗa kan bayani, don su nake ji, ba ita ba. Zanzibar muka je, tsibiran da suka haɗe da Tanganyika a 1964 aka sami ƙasar Tanzaniya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen wurin Musulmi ne. Kiran sallar asuba ne ya tashe mu a kwananmu na farko, daga masallatai ban san adadinsu ba, wannan na saukewa wancan na ɗauka. Matan garin da baƙin mayafinsu har ƙasa, yara da farar hula suna tafiya makarantar allo. Ko harshensu in ka kasa kunne sai ka ji kamar ɗan uwan namu ne ta wajen Larabci: Alhamisi, Ijumaa, sabuni, sukari, habari. Babbar 'yata, mai shekara 8, har littafi ta buɗe tana rubuta kalmomin da suka yi kama da Hausa. Wannan yarinyar ce aka tsare jiya a tsakar gida, gaban mata, aka ce mata, "Ke ma kin koyo tafiya ba zani?"

Ba na ɓoye komai. E, akwai Turawa a gaban manyan otal da kayan wankansu, kamar yadda akwai abin kau da kai a cikin wayar kowa a garin nan. Shi ya sa ba mu sauka a irin waɗannan wuraren ba. Gida muka kama a Jambiani, ƙauyen masunta a gabashin tsibirin Unguja, mai ɗaki 2 da kicin, ni nake dafa wa yarana da hannuna. Da doguwar riga da hijabi na shiga ruwa, kuma ba wanda ya ɗaga kai ya dube ni, don matan ƙauyen ma da zaninsu suke shiga.

Abin da na gani a can, da an tambaye ni da bakin arziki da na zauna na ba da labarinsa har dare. Teku a wannan gefen janyewa yake yi sau 2 a yini. Ka kwanta ruwa na dukan katangar gida, bayan wasu sa'o'i ka fito ka ga ya koma can nesa, sai farin yashi mai laushi kamar garin alabo, da ƙananan kududdufai masu ɗumi da ba su wuce idon sawu ba. A nan autana, ɗan shekara 3, ya yini yana bin ƙaguwa da ludayin roba. A nan kuma matan ƙauyen suke noman wata ciyawar teku da suke kira mwani. Suna kafa turaku a cikin yashi, su ɗaura igiyoyi, su ɗaɗɗaure ciyawar a jiki, suna zaune cikin ruwa har ƙugu, sannan su ɗauko a ka su shanya, a saya a fitar da ita waje. Na tsuguna kusa da wata dattijuwa, ba ta jin Hausa ba na jin Suwahili, ta miƙo min igiya ta nuna min yadda ake ƙullin. Tafin hannunta duk ya tsattsage da gishiri. Matan da suke neman na kansu ke nan, ba su da lokacin zama ƙirga kuɗin aljihun wata. Kifin rijiya bai san akwai irinsu ba.

Maganar bashi kuma. Wata 20 ina zubin adashi daga ribar atamfa da leshi, kwasa biyu na haɗa ban taɓa ko sisi ba. Biki nawa na je da tsohon ɗinki, ana yi min kallon ƙasa-ƙasa, ciki har da mai maganar? Abban yara ya ɗauki kuɗin jirgi, Kano zuwa Adis Ababa, daga nan zuwa Zanzibar. Mun yi allurar shawara mun karɓi katin, mun nemi biza tun daga gida muka zauna jira, mun biya inshorar da hukumar can ta wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024, dala 44 kowane babba. Ba ƙofar da na ƙwanƙwasa. Kuma a dangin nan kowa ya san wace ƙofa ake ƙwanƙwasawa da daddare idan mai gidan haya ya ba da wa'adi. Ba gori nake ba, Allah ya sani, ban taɓa buɗe baki na faɗa wa ko mahaifiyata ba. Shekara 2 ban tambaya ba, ban aika ba, ban canza fuska ba. Ashe ni ce mai cin bashi.

An kuma ce na kusa kashe yaro. An ji rabin magana an ƙarasa da son rai. Na tsakiyan ne ya cire takalmin roba ya taka wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya da ke ɓuya a gindin duwatsu. Ya yi kuka, ni ma na yi. Wani masunci ya ruga ya tsinko ɗanyar gwanda ya shafa masa ƙaronta, muka wuce da shi wurin likita aka duba, washegari yana tsere da 'yan'uwansa. Uwar da ɗanta bai taɓa yin tuntuɓe ba ta ɗaga hannu. Kuma duk mai niyyar zuwa da ƙananan yara, takalmin ruwa kada ya bar ƙafarsu, ku tambayi mutanen gari lokacin da ruwa ke dawowa, don da sauri yake cikowa.

Ke! Yanzu da ke nake. Ki zage ni, ki zagi sana'ata, ki ce hotunan haɗi ne, duk na ji na yafe. Amma ki tsare 'yar shekara 8 ki kunyata ta gaban mutane? Yarinyar da kika goya da bayanki? Ta dawo gida ba ta ci tuwo ba, ta shige ɗaki, sai da dare ta zo ta tambaye ni a hankali ko zunubi muka yi da muka je. Me zan ce mata? Wannan yarinyar ce ta tsaya gaban kunkurun tsibirin Changuu, waɗanda aka kawo kakanninsu daga Seshels a 1919, wasu sun haura shekara 100, girman bayansu ya kai faifan tuwon biki har ya ɗara, ta riƙe hannuna tana ta faɗin Subhanallah ba wanda ya sa ta. Ita ce ta ga bishiyar kanumfari da idonta, ta kankare ɓawon kirfa ta shinshina, ta ce ashe abin da muke sawa a shayi jikin itace ne. Abin da na tara wata 20 don in saya mata ke nan, kika zo da baki ɗaya kina neman ki mayar mata da shi abin kunya. Ban yafe wannan ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

Kada wanda ya kira ni ya ce in sauke rubutun nan don zumunci. Zumuncin yana ina jiya, lokacin da ake dariya? Manyan da suke zaune a wurin ba wadda ta ce kul.

Har tsaraba na yi mata, jama'a. Ƙullin kanumfari da zani 2 irin nasu da ake kira kanga, na zaɓo da hannuna a kasuwar Darajani. Matan can ba sa ɓata bakinsu, a gefen zanin ake buga musu magana, mace ta ɗaura ta wuce ta gaban wadda take nufi. Na sa mai shagon ya fassara min su ɗaya bayan ɗaya kafin in biya. Kanumfarin na ba mai yi mana kitso yau da safe. Zani ɗaya na ba 'yata ta yi sallaya da shi. Ɗayan, wanda aka ce min rubutunsa na nufin a bar su su yi ta faɗa, yana wurin tela. Ranar Asabar akwai kamu, kuma kifin rijiya zai je. Ni ma zan je, a layin gaba zan zauna, da 'yata a gefena.