Kafin a zana taswirar gyaran unguwa, a fara sanin wa zai zauna a cikinta

Duk sa'ad da hukumar wani birni ta tashi farfaɗo da tsohuwar unguwa, abin da take fara fitarwa hoto ne. Ga tituna masu faɗi, ga bishiyoyi reras, ga benaye masu gilashi, sannan ga wasu mutane tsaf-tsaf suna tafe riƙe da hannun 'ya'yansu. Nakan daɗe ina kallon mutanen nan na cikin zane, saboda da wuya su yi kama da waɗanda ke kwana suna tashi a unguwar. Ba za ka ga tsohuwar da ta shekara 40 a ɗakin haya ba, ba za ka ga bakaniken da ke aiki a bakin titi ba. Mai zanen bai kore su da baki ba, amma kuma bai bar musu wuri ba.

Ni ina goyon bayan a tsara unguwa. Wadda aka bari ta girma kara zube, ƙarshenta ambaliya da cunkoso da rigimar iyaka. Abin da nake ja a kai shi ne inda ake fara tsarin. A ganina, duk tsarin da bai fara warware maganar ƙasa da maganar kuɗi ba, wato wa ke da filin, wa zai iya biyan haya bayan an gama gyara, wa kuma zai ɗauki nauyin kula da abin da aka gina, to zai gyara wurin ne don wasu, ba don masu wurin ba.

An gwada ɗaya hanyar, an ga inda ta kai. A 1949 Amurka ta yi dokar gidaje wadda ta ba birane kuɗi su rushe unguwannin da aka yi wa tambarin lalacewa. Aka yi ta rusau shekara da shekaru, kuma unguwannin baƙar fata da na talakawa ne suka fi shan wuya. A birnin St. Louis an gina rukunin gidajen Pruitt-Igoe a tsakiyar shekarun 1950, benaye 33, kowane mai hawa 11. Masana gini sun yaba da zanen tun yana kan takarda. Sai dai gwamnatin tarayya kuɗin gini kawai ta bayar, aka ce kuɗin gyara da shara da gadi su fito daga haya. Birnin ya shiga raguwa, masu ɗan hali suka tashi, hayar ta kasa riƙe gidajen, lif, wato na'urar hawa bene, ya tsaya babu mai gyarawa. A 1972 aka fara tarwatsa benayen da nakiya, ba su ma cika shekara 20 ba. A Cape Town ta Afirka ta Kudu kuwa, gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana unguwar District Six a matsayin yankin farar fata zalla a 1966, ta kwashe mutane sama da 60,000, kuma galibin filin ya zauna fayau shekaru da dama. Dalilan biyun ba ɗaya ba ne, amma duk an ɗauki unguwa tamkar fili ne da za a share a sake cikawa.

Yanzu ba kasafai ake zuwa da katafila tun farko ba. An koyi kiran taro. Za a kafa alluna a babban ɗaki, a raba takardu, jami'i ya yi bayani, a ba mutane 'yan mintoci su yi tambaya, a ɗauki hoto, a rubuta cewa an tuntuɓi jama'a. Alhali an riga an gama shawara a ofis, an ma san ɗan kwangilar. Irin wannan taro na jeka-na-yi-ka ya fi rashinsa illa, domin yana koya wa mutane cewa bakinsu ba ya tsinana komai, ran da kuma aka zo neman su da gaske ba za su fito ba.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na unguwar Dudley Street da ke birnin Boston. Zuwa farkon shekarun 1980 wurin ya zama kufai. Bankuna sun daina ba da bashin gida a can, wasu masu gidaje sun cinna wa gidajensu wuta don su karɓi kuɗin inshora, filaye kimanin 1,300 suka koma juji inda manyan motoci ke zuwa da dare su zubar da shara. A 1984 aka kafa ƙungiyar unguwar, mazauna suka nace cewa su ne za su fi yawa a kwamitin da ke jan ragamarta. Ba da gine-gine suka fara ba. Sun fara ne da yaƙin hana zubar da shara da kwashe matattun motoci, abin da kowa zai gani da idonsa cikin 'yan watanni. Da suka samu amincewar juna, suka rubuta nasu tsarin, birnin ya karɓa. A 1988 kuma hukumar raya birnin ta ba su wani iko da aka saba gani a hannun gwamnati kaɗai: su karɓi filayen da aka yi watsi da su a tsakiyar unguwar, su biya masu su diyya.

Abin da suka yi da filayen shi ne zuciyar maganata. Sun sanya ƙasar a hannun wata ƙungiyar amintattu ta unguwa. Mutum zai sayi gidan da ke kai, amma ƙasar hayarta yake yi na shekara 99, kuma in zai sayar akwai iyakar ribar da zai ɗora. Ta haka gidaje sama da 200 suka tsaya a farashin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya, ko da kuwa sauran birnin ya yi tsada. Wani zai ce an tauye wa mai gida riba. Gaskiya ne, an tauye. Amma da ribar da ya rasa aka saya wa maƙwabcinsa, da wanda zai zo bayansa, damar zama a unguwar.

Ga kuma abin da ya faru inda ba a yi wannan tanadin ba. A New York an mai da wani tsohon layin dogo na sama wurin shaƙatawa, High Line, aka buɗe shi a 2009. Aiki ne mai kyau, miliyoyin mutane na ziyartarsa. Amma farashin fili a kewayensa ya yi tashin gwauron zabi, ƙananan masu sana'a da yawa suka tattara. Haka gyara yake: duk bishiyar da aka dasa, duk titin da aka shimfiɗa, darajar ƙasa yake ƙarawa. Idan ba a yanke tun farko wa zai ci wannan ƙarin ba, zai faɗa aljihun wanda ya riga ya saye filaye yana jira, su kuwa waɗanda suka jure shekarun wahala su ga hayarsu ta ninka. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kada a ce wannan sai ƙasashe masu arziki. A Orangi da ke Karachi ta Pakistan, wani mai aikin raya al'umma, Akhtar Hameed Khan, ya fara wani shiri a 1980 a unguwar da ba ta da magudanar ƙazanta. Injiniyoyi suka auna ƙasa suka ba da taswira da kayan aiki, kowane layi ya zaɓi wakilinsa, ya tara kuɗinsa, ya haƙa nasa bututun, aka bar wa gwamnati manyan magudanan da ƙananan za su zuba a ciki. Gidaje wajen 100,000 suka samu masai da magudana a kan kuɗi kaɗan ƙwarai idan aka gwada da na kwangila. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma fa sai da injiniya ya nuna masa gangaren da ruwa zai bi. Ban yarda da masu cewa a sallami ƙwararru ba. A sa su yi wa unguwa aiki, shi ke nan.

Akwai suka mai nauyi da ba zan kauce mata ba. Idan aka ba mazauna iko, su waye mazaunan? Wanda ke zuwa taron ƙarfe goma na safiyar ranar aiki yawanci mai gida ne da ya huta, wanda ba abin da ya fi so kamar kada a gina komai kusa da shi. Ɗan haya yana wurin aiki. Mai goyo tana gida. Matashin da zai buƙaci ɗaki nan da shekara biyar bai ma ji labarin taron ba, balle baƙon da bai iso birnin ba tukuna. Birane kuwa cika suke yi: a 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen cewa kashi 68 cikin 100 na mutanen duniya a birni za su zauna nan da 2050. Idan kowace unguwa ta rufe ƙofarta, ina za su?

Ingila ta yi ƙoƙarin raba wannan gardama a dokarta ta 2011 da ta ba unguwanni damar rubuta tsarinsu. Ana kai tsarin gaban mai bincike mai zaman kansa, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama, in ya samu sama da rabin ƙuri'un da aka kaɗa ya zama abin da hukuma za ta duba kafin ta ba da izinin gini. Unguwar da ke da tsari tana karɓar kashi 25 cikin 100 na harajin da ake ɗora wa sababbin gine-gine a yankinta, maimakon 15. Amma an gindaya sharaɗi: unguwa za ta iya faɗin inda za a gina da yadda ginin zai kasance, ba za ta rage yawan gidajen da babban tsarin yankin ya tanada ba. Wannan sharaɗin ya yi mini daidai. Inda dokar ta gaza shi ne rubuta tsari na cin lokaci da ilimi, don haka yankunan masu hali suka fi cin moriyarta, waɗanda suka fi buƙata aka bar su a baya.

Shi ya sa nake ganin aikin farko na hukuma shi ne ta bi gida-gida ta ƙirga: mutum nawa ne, nawa ne 'yan haya, nawa suke biya, su waye ba su da takardar mallaka, wace sana'a ake yi a wane lungu. A buga wannan ƙidayar kowa ya gani. A sayi filayen da za a yi gidaje masu sauƙi kafin a sanar da aikin, domin ranar da labari ya fita dillalai sun riga kowa. A rubuta sunan ofishin da zai share magudana da canza fitilar titi a shekara ta goma, da inda kuɗin zai fito. A kai taro wurin mutane, da dare da ranar hutu, da harshen da suke ji. Bayan shekara biyar kuma a ɗauko waccan ƙidayar ta farko, a koma a ƙwanƙwasa ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya, a rubuta mutum nawa aka tarar.