Katse layin waya a Zamfara: har yau gwamnati ba ta ba da bahasi ba

Ranar 3 ga Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta rubuta wa kamfanonin waya cewa su kashe duk turakunsu da ke Jihar Zamfara, har da na jihohin maƙwabta waɗanda sabis ɗinsu ke tsallakawa cikinta. Gwamnan wancan lokacin, Bello Matawalle, shi ya roƙa, ma'aikatar sadarwa a ƙarƙashin Isa Ali Pantami ta amince. Jama'a da dama ba daga bakin hukuma suka fara jin labarin ba, hoton takardar ne ya ɓulla a kafafen sada zumunta. Mutumin ƙauye kuwa wayarsa ce ta sanar da shi, da ya duba ya ga babu sabis.

Mako biyu aka ce da farko. Gusau ba ta samu layi ba sai farkon Oktoba, sauran jihar kuma sai wajen ƙarshen Nuwamba. Kafin nan abin ya bazu zuwa ƙananan hukumomi 13 a Katsina, 14 a Sakkwato, da wasu sassan Kaduna.

Hujjar da aka kawo ba ta banza ba ce, kuma bai kamata a raina ta ba. Da waya infoma ke gaya wa ɓarayin daji cewa sojoji sun taso, da waya ake cinikin kuɗin fansa, da ita ake odar mai da burodi da ƙwaya zuwa daji. Kwana biyu kafin takardar aka kwashe ɗalibai sama da 70 a makarantar Kaya da ke Maradun. Wanda ke riƙe da jiha a irin wannan hali, duk abin da aka ce masa zai yi magani sai ya gwada. Babu kuma mai hankalin da zai ce soja ya yi shelar ranar da zai shiga daji. Wannan sirri ne da kowa ya yarda da shi.

Amma a dubi wanda ya ɗauki nauyin. Mai POS a bakin kasuwa ya naɗe lemarsa, domin na'urar ba ta aiki sai da sabis. Ɗan da ke Legas ko Fatakwal yana turo wa mahaifiyarsa na cefane ya rasa hanya, ya kuma rasa jin ko tana raye. Tashoshin mota suka koma gidan waya: a rubuta wasiƙa a ƙullo ta, a roƙi direba ya miƙa wa wane a gari kaza. Mutanen Gusau suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa Funtuwa don kawai su buga waya su dawo, sai ga shi ita ma Funtuwar an rufe ta. Duk wannan ya zo ne tare da rufe kasuwannin mako da hana sayar da mai a jarka, ga tsadar abinci.

Abin da ya fi waɗannan ciwo shi ne kiran neman agaji. A da, idan wani ya hango ƙurar babura ta nufo gari, yakan kira ƙauyen gaba, a kwashe mata da yara, a kira 'yan sa-kai ko DPO. Da aka kashe layi, wannan ƙofar ta rufe. A tsakiyar Oktoban shekarar aka afka wa kasuwar Goronyo a Sakkwato, aka kashe mutum sama da 40, a lokacin da yankin ke cikin wannan duhu. Su kuwa ɓarayin da ke kusa da iyaka, rahotanni sun yi ta nuna cewa da layukan Nijar suke waya. An yi gudun gara an tadda zago.

To, watakila duk da haka an ci riba. Watakila an tarwatsa sansanoni, an kama infoma, an ceto mutane da ba don haka ba da ba a same su ba. Idan haka ne, ina bayanin? Hare-hare nawa aka yi kafin rufewa, nawa a lokacin, nawa bayan buɗewa? Asarar 'yan kasuwa ta kai nawa? Wa ya yanke shawarar tsawaita mako biyu zuwa wata uku, bisa wane ma'auni? Jawabin 'yan siyasa cewa an samu nasara ba lissafi ba ne. Mako kaɗan bayan dawo da layi, a Janairun 2022, aka yi kisan gilla a Anka da Bukkuyum. Kuma wannan ba shi ne karo na farko ba, don a 2013 an kashe layi a Barno da Yobe da Adamawa lokacin dokar ta-ɓaci. Da an ajiye sakamakon wancan a fili, da masu shawara a 2021 sun sami abin dubawa.

Abin haushin shi ne gwamnatin da ke rowar bayani ita ce ba ta bar wa talaka sirrin komai ba. Tun Disamban 2020 aka tilasta haɗa layi da lambar NIN. Tsofaffi sun yi layi cikin rana an ɗauki hotonsu da zanen yatsunsu goma, a Afrilun 2022 kuma aka hana miliyoyin layuka kiran waya saboda ba su haɗa ba. An ce da wannan za a gano mai garkuwa da mutane. Ga shi har gobe ana kiran iyalai ana ciniki kamar na akuya, wani ɓarawon ma har TikTok yake hawa yana nuna damin kuɗi. Shi kansa Pantami ya koka a farkon 2024 cewa ba a amfani da tsarin yadda ya kamata.

Haka aka yi da Twitter. An rufe shi a Yunin 2021 bayan ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, aka buɗe a Janairun 2022 aka ce kamfanin ya amince da sharuɗɗa. Taƙaitaccen bayani kawai aka karanta wa 'yan ƙasa. Daga baya kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa wa doka.

Ba dokoki muka rasa ba. Sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin karɓa da isar da bayani, sashe na 45 kuma ya ce idan za a tauye shi don tsaro, sai bisa doka da hujjar da hankali zai ɗauka. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai tambaya. Gaskiya ne ta ware abin da ya shafi tsaro, sai dai aikin da aka gama shekaru da suka wuce, faɗin sakamakonsa ba zai tona asirin sojan da ke daji yau ba. Jami'anmu sun saba ne kawai da fakewa da kalmar tsaro duk lokacin da tambaya ta yi musu nauyi.

Matsalar ɓarayin daji ba ta ƙare ba, saboda haka wata rana wani gwamnan zai sake neman a kashe layi. Kafin ranar, ya kamata a sa a doka cewa umarnin ya fito a rubuce kowa ya gani, da ranar ƙarewarsa, kuma ba za a tsawaita ba sai majalisa ta ji dalili. Na 2021 kuwa, 'yan majalisar tarayya daga Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna suna da ikon gayyatar NCC da hukumomin tsaro su zo da alƙaluma. Wanda ya nemi a rufe ɗin ma bai yi nisa ba, shi aka naɗa ƙaramin ministan tsaro a 2023.