Ribar Bolt Biyar

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 Alhaji yake neman abin hawan da ba ya shan fetur. Da ya ji labarin jirgin ruwa mai filafilai, wanda iska ke turawa kyauta, sai ya sa aka ɗauko masa na hannu daga Legas a kan tirela, wai zai riƙa shaƙatawa a dam ɗin Tiga. Har yau jirgin yana tsakar gidansa a Nasarawa, a kan tayoyi, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Da fitilunsa suka fara lumshewa, aka kira wani rewaya Bazazzagi daga Ƙofar Ruwa, ya zo da yaronsa.

ALHAJI: Duk faɗin Kano a rasa mai gyara sai Bazazzagi?

BAZAZZAGI: Ranka ya daɗe, ku kuɗi Allah ya ba ku, ilimin kuma ya ajiye a Zariya. Me ke damun kwalekwalen?

ALHAJI: Kwalekwalen gidanku! In aka kunna fitila sai ta yi ja, famfon kwashe ruwa ya yi ta nishi, allurar allo ta faɗi. A kashe, ta koma daidai. Baba Maigadi ya ce 'yan ruwa ne suka biyo shi daga teku.

BABA MAIGADI: Ni dai na ce kada kowa ya hau shi da dare.

(Bazazzagi ya hau tsani, ya ɗaga murfin da ke ƙarƙashin benci. Batura biyu ne, ɗaya na fitilu da famfo, ɗaya na tayar da ɗan injin. Ya ɗora mita a kan na farko.)

BAZAZZAGI: To fa! 17.

ALHAJI: Batirin na nawa ne?

BAZAZZAGI: Na bolt 12.

ALHAJI: Alhamdu lillahi! Riba biyar ke nan. Akwai masu saye?

BAZAZZAGI: Dakata tukuna. Kai yaro, yaushe rabon mu canza ɗan batirin cikin mitar nan?

YARO: Oga, ai tun azumi take nuna hoton batir a gefe.

BAZAZZAGI: Ka ji. Irin wannan mita mai arha, in batirinta na bolt 9 ya yi sanyi, ƙari take yi. Ruga shago ka sayo.

ALHAJI: Da kuɗin wa?

(Aka ɗan yi ja-in-ja, yaro ya tafi da kuɗin ogansa. Aka sake gwadawa.)

BAZAZZAGI: 13.8. Wannan ma ya yi yawa ga batirin da ke hutawa. Cikakke 12.6 yake nunawa ko 12.7. Daga 13.8 zuwa 14.4, wani abu na yi masa caji. Ga inji a kashe, ga babban makunni a kashe.

BABA MAIGADI: Ban faɗa muku ba?

BAZAZZAGI: Baba, aljanin naka ga shi can a bayan jirgi yana shan hantsi. Farantin sola ne. Wayarsa ta bi ta kwantirola mai daidaita caji ta sauka kan batir kai tsaye, ba ruwanta da makunni. Alhaji, ara mini babbar rigarka in rufe shi.

ALHAJI: Shaddar da na saya a Kwari? Baba, miƙa masa tabarmarka.

(Aka rufe farantin, aka bar fitila ɗaya a kunne na 'yan mintoci don cajin da ke bisa-bisa ya sauka, aka kashe.)

BAZAZZAGI: 12.6. Batirin nan garau yake.

ALHAJI: Daga 17 mun dawo 12. Tun da ka shigo gidan nan asara nake yi.

BAZAZZAGI: Yanzu aka fara aiki. Yaro, kai mita bayan allon makunnai. Nawa?

YARO: 12.6, Oga.

ALHAJI: To ai waya lafiya lau. Sauko, Allah ya yi albarka.

BAZAZZAGI: Nan ne ake kayar da masu gaggawa. Mita ba ta jan wutar kirki, ko ta silin waya ɗaya wuta ta iso, cikakkiyar lamba za ta ba ka. Kamar titin Kantin Kwari ne da asuba, ka gan shi fetal ka ce hanya ce mai faɗi. Bari motoci su fito. Yaro, kunna fitilu da famfo gaba ɗaya.

YARO: Ta faɗo 10.4!

BAZAZZAGI: Bar su a kunne, kawo mitar. A kan batir 12.3. Ka ga kusan bolt biyu sun salwanta tsakanin nan da can.

ALHAJI: A cikin gidana? Wa ya ɗauka?

BAZAZZAGI: Yanzu za mu kama shi. Tsinken mita ɗaya a kan dalmar batir ta baƙar waya, ɗaya a kan ƙarfen da baƙaƙen wayoyi suka haɗu. Waya ɗaya ce ta haɗa su, bai kamata a ga komai ba sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Duba, 1.7.

ALHAJI: Ni na ɗauka jar waya ce mai wuta.

BAZAZZAGI: Kowa ita yake tuhuma. Amma wutar da ta fita ta ja, ta baƙa take komawa gida. In hanyar dawowa ta toshe, duk ɗaya ne.

(Ya kwance noti, ya yanke robar bakin wayar. Jan ƙarfen ciki ya zama kore shar, yana marmashewa a yatsa, har kusan taƙi guda.)

BAZAZZAGI: Ga 'yan ruwanka, Baba. Gishirin teku ne da laima. Shi ya sa wayar jirgi ta asali ake shafe silinta da kuza. Wani ya sa ta mota a nan. Za mu canza ta, mu goge kan batir da samfefa, mu ɗaure tam, mu shafa giris.

ALHAJI: Ba za a iya wanke ta ba?

BAZAZZAGI: Kano ke nan. Bari in duba na biyun... 11.8? Wannan an tatse shi. Wannan siririyar wayar kuma ta mece ce? Ta tsallaka gefen jirgi, ta bi ta bayan fulawoyi, ta shige ɗakin bakin ƙofa.

(Baba Maigadi ya shiga gyaran rawani.)

ALHAJI: Baba?

BABA MAIGADI: Ranka ya daɗe, in an ɗauke wuta, yaran unguwa kan kawo wayoyinsu caji. Taimako ne. Da rana sai in murɗa makunnin kan duka biyun, rana ta mayar da abin da aka ci. Kwanan nan ne jama'a suka ɗan yi yawa.

BAZAZZAGI: Ko fiyus babu a jikinta. Ranar da robar ta goge, jirgin da kajin duk toka za su zama. Kuma irin wannan batir, in ana sauke shi ƙasa da rabi kullum, wato ƙasa da 12.2, ba ya daɗewa.

ALHAJI: Nawa kake karɓa?

BABA MAIGADI: Naira ɗari... in ji su.

ALHAJI: Waya nawa a dare?

BABA MAIGADI: Ta kai talatin.

(Alhaji ya ɗaga kai sama, leɓɓansa na motsi.)

ALHAJI: Bazazzagi, sa masa fiyus. Ka ƙara faranti ɗaya, ka ja waya mai kauri har bakin titi.

BAZAZZAGI: Tiga fa?

ALHAJI: Tiga ba inda za ta. Tun zamanin Audu Bako take nan.

BAZAZZAGI: To, kuɗin aikina dubu goma sha biyar.

ALHAJI: Bolt biyu ka nemo mini, biyar ka ɓatar. Ina bin ka uku.