Gina gida ko sayen ginanne: wanne ya fi wa ɗan Arewa mazaunin Legas?

A Agege da Mile 12 da Idi-Araba akwai 'yan kasuwarmu da suka shekara talatin suna biyan haya, an haifi 'ya'yansu a nan, Yarabanci a bakinsu kamar Hausa, amma duk lokacin da kuɗi suka taru sai a aika Kano ko Katsina a ɗora bulo a gidan da ba a kwana cikinsa sai da sallah. Yanzu da masu gidaje ke ƙara kuɗin haya kusan duk shekara, da yawa sun fara tunanin mallakar muhalli a inda suke neman abinci. Ra'ayina shi ne, ga wanda yake da haƙuri kuma ya tantance takardun filinsa, gini ya fi sayen ginanne alheri a wannan gari.

Babban dalilina yana ƙarƙashin ƙasa. Legas gari ne na ruwa, kuma unguwanni da dama, musamman ta wajen Lekki da Ajah, fadama ce aka cike da yashi, don haka ƙarfin gida yana ga harsashinsa, wanda mai saye ba zai taɓa gani ba. Abin da zai gani fenti ne da tayil da silin mai ƙyalli. Na taɓa raka wani ɗan'uwana duba gidan da dillali ya yi ta yabawa, muka yi sa'a ranar an kwana ana ruwa. Da muka janye kujera daga jikin bangon falo sai ga shatin danshi ya kai gwiwa, sabon fentin ya kumbura yana ɓarewa, tsakar gidan kuma ruwan kwata ya dawo ya kwanta. Da a watan Janairu muka je, da an yi cinikin biri a sama. Ba a manta da benen Ita Faji da ya rufta a kan 'yan makaranta a watan Maris na 2019 ba, haka ma bene mai hawa 21 na titin Gerrard a Ikoyi da ya rushe ranar 1 ga Nuwamba 2021, mutum sama da 40 suka rasu. Mai gina nasa yana da damar sa injiniya ya gwada ƙasar kafin a haƙa rami, ya ƙirga rodin da idonsa, ya ɗauki bulo ya murza ya ga ko zai marmashe a hannunsa, ya tsaya a kan birkila ranar da ake kwaɓa siminti.

Sai maganar kuɗi. Ginannen gida ana biyansa ne a dunƙule, kuma wanda ba shi da miliyoyin a hannu sai ya nufi banki, inda bashin yake tafe da kuɗin ruwa, abin da yawancinmu ke gudu saboda addini. Gini kuwa yana bin numfashin kasuwa: bana a sayi fili a kewaye shi, baɗi a zuba harsashi, in ciniki ya yi kyau a kai linta, a rufe ɗaki biyu a tare a ciki, kuɗin hayar da aka huta biya su koma sauran aikin. Gaskiya ne jinkiri yana da tsada, domin a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma, kuma wanda ya bar kango shekara biyar zai ƙarasa shi da farashin da bai yi lissafi da shi ba. Amma tsadar nan ba ta tsallake ginannen gida ba. Mai sayarwa ya riga ya zuba ta cikin farashi, har da ribarsa.

Akwai kuma tsarin zama. Yawancin gidajen da ake ginawa don sayarwa a Legas, baƙo yana buɗe ƙofa sai tsakiyar iyali. Mu kuwa muna buƙatar zaure ko falon maza mai ƙofarsa daban, da wurin alwala, da tsakar gida inda mata za su sake, da ɗakin saukar 'yan'uwan da ba sa yankewa daga gida. Fasa ginanne don a samar da waɗannan kashe kuɗi ne sau biyu.

Inda masu tsoron gini suke da hujja shi ne wajen fili, kuma ban raina hujjar ba. Duk wanda ya taɓa sauke tifar yashi a bayan gari ya san 'yan omo onile, wato masu da'awar cewa filin na kakanninsu ne, waɗanda za su zo karɓar kuɗin harsashi, su dawo ranar rufi, wani lokaci ma a wayi gari an sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku. Jihar ta yi dokar kare kadarori a 2016 domin hukunta masu ƙwacen fili, amma doka ba ta ɗauke wa mutum binciken kansa. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, filaye suna hannun gwamna ne, saboda haka kafin a biya ko sisi sai lauya ya je ofishin filaye da ke Alausa ya duba rajista, safiyo kuma ya tabbatar filin ba ya cikin wanda gwamnati ta keɓe, sannan a nemi izinin gini kafin a kafa tubali. Sai dai wannan wahalar ba ta bar mai sayen ginanne ba: shi ma sai ya nemi amincewar gwamna kafin mallakar ta koma sunansa, kuma tsofaffin gidajen cikin gari da yawa na gado ne, magaji ɗaya da bai sa hannu ba ya isa ya ajiye mutum a kotu shekaru.

Abin da na yarda ginanne ya fi gini da shi shi ne kusanci, domin filin da talaka zai iya saya ya koma Ikorodu da Epe da Badagry, alhali mai tumatir dole ya kasance a kasuwa kafin gari ya waye. Ko nan ma lissafin yana sauyawa. Kasuwar kayan gwari ta Mile 12 a kan hanyar Ikorodu take, ɗan Agege kuma tun 2024 yana da jirgin ƙasa na Red Line da ke tasowa daga Agbado ya bi ta unguwarsa zuwa Oyingbo. Wanda ya leƙa wajen Agbado da Sango Ota neman fili dai ya fara tambayar a wace jiha yake, domin idan ya faɗa ɓangaren Ogun, Abeokuta lauyansa zai nufa.