Zaren da mai shago ya ɗaura ya kusa kashe mana mage

Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa, shi ya sa na ce bari in fito in faɗa ko na samu sauƙi. Mu a Jidda muke, kuma magen nan ta Hajiyarmu ce, tun tana jaririya aka tsinto ta a bakin bola Hajiya ta rene ta da madara a sirinji, ita ce abokiyar hirarta in duk mun watse mun tafi aiki.

Na sayo mata abin wasa a wani shagon kayan dabbobi, irin sandar nan mai igiya da ɗan ɓeran yadi a ƙarshe da gashin tsuntsu da 'yar ƙararrawa, riyal 25 har da harajin sayen kaya na kashi 15. Ba shagon abu riyalain, wato shagon kayan araha na riyal biyu, na je ba fa balle a ce araha na bi. Kwana uku kacal igiyar ta tsinke, cikin ɓeran ya farke auduga ta fito. Na koma da rasit ɗina na ce a canza min, mutumin ya ce ba sa canji amma kawo in gyara miki. A gabana ya ɗauko zaren ɗinki siriri ya nannaɗe wuyan ɓeran ya ɗaure a jikin sandar, ya bar jelar zare ta fi kamu ɗaya tana reto, idon ɓeran da ya ɓalle ya ɗiga masa gam ya manna. Na ce malam wannan zaren ba zai cutar da ita ba? Ya ce ma fi mushkila, wato babu matsala. Ni kuma na yarda, tunda kayan dabbobi yake sayarwa ai na ɗauka ya fi ni sani.

Washegari da daddare ta fara amai. Ta ƙi abinci, ta ƙi ruwa, ta shige ƙarƙashin gadon Hajiya ta lafe, in ka taɓa cikinta sai ta yi wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Na duba abin wasan, ba zare ba ido ɗaya. Ƙanena ya riƙe ta na buɗe bakinta da fitilar waya, sai ga zaren ya sarƙe a ƙarƙashin harshenta sauran ya wuce ciki. Maƙwabciyarmu tana cewa ja shi mana ki fitar, Allah ne ya tsare hannuna ya kasa.

A asibitin dabbobi likitan ya ce da na ja da na yanka mata hanji. Ya yi min bayani, harshen mage yana da 'yan ƙayoyi da suka kalli maƙogwaro, in zare ya hau kai ba ta iya tofarwa sai dai ta yi ta haɗiya. Kai ɗaya ya maƙale a harshe, hanji kuma yana ta ƙoƙarin tura ɗaya kan gaba, sai hanjin ya tattare a jikin zaren kamar yadda wando yake tattarewa a jikin zariya, zaren yana ta yankarsa daga ciki. Ko a baki ko ta baya ka ga zare ya leƙo, kar ka ja. Sai da aka yi mata aiki, kuma ba su taɓa ta ba sai da na biya, ƙarfe ɗayan dare ina tsaye ina kiran 'yan uwa a haɗa min kuɗi, kusan rabin albashina ya tafi, Hajiya tana gida tana kuka tana cewa amana ce Allah zai tambaye ta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da na koma shagon. Na nuna masa hoton ɗinkin cikinta da takardar asibiti, ko sannu babu, ya ɗaga kafaɗa ya ce malish, bissa ce kawai, wato ba komai, mage ce kawai. Bissa kawai? Kai da abincinka daga jikin magunan nan yake fitowa? Mu da muka taso muna jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage, a ƙasar nan kuma za ka buɗe baki ka gaya min haka? Ba kuɗinsa nake so ba, ya daina yi wa mutane wannan gyaran ganganci, don ina tsaye wata mata ta shigo da irin sandar nan a hannu.

Yanzu ni nake gyara kayanta da kaina. Duk abin da ya shigo gidan nan sai na cire idon roba da ƙararrawa da gashin tsuntsu tukuna. In ya farke in ɗinke shi ƙanana-ƙanana da zare mai ƙwari, in tura ƙullin ciki in yanke jelar tas, in ja da ƙarfi in gani ko zai ɓalle, ba gam ba fil, allura kuma in mayar da ita gwangwani nan take don ita ma suna haɗiye ta tare da zare. Wanda audugarsa ta fara fita sosai bola ne. Mai igiya kuwa sai ina wurin, muna gamawa in kulle a durowa.

Jiya aka cire mata ɗinki, ta ɗan fara cin kaza, amma har yau ba ta iya tsalle ta hau gadon Hajiya sai an ɗora ta.