Samari, wannan ba kasuwanci ba ne

Jiya a kasuwar Jega na ga abin da ya hana ni barci. Wani dattijo da zai yi sa'ar babana ya tsuguna gaban wani yaro yana roƙo a rage masa kuɗin kwanon shinkafa, yaron ko kallonsa bai yi ba, yana ta latsa waya yana cewa Baba dala ce ta tashi. Abin haushin, na san dattijon, manomi ne, kuma wallahi wannan yaron ne ya kwashe masa shanshera da kaka a rabin kuɗinta, saboda bashin taki da ya ba shi da damina.

Ƙannena, wannan ɗabi'ar ta ba da bashi da damina a karɓi buhu da kaka, a kulle a sito sai ya yi tsada, ita ce ke cinye mu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000, dala kuma daga wajen naira 460 ta zarce 1,500 a 2024. To wa abin ya daka? Mai kaya a ajiye yana kwance dukiyarsa na ninkuwa. Mai noman rani a fadamar Argungu da injin ban ruwansa ke shan fetur, da ɗan kabu-kabu, da malamin firamare da albashinsa bai kai tsakiyar wata, su ne ana kukan targaɗe sai ga karaya. Mafi ƙarancin albashin ma da aka mayar 70,000 a 2024, a lokacin ko buhun shinkafa ɗaya bai saya.

Wai faɗuwar wani tashin wani. Haba! Har a zaure ana yaba mutum wai ya iya lissafi, alhali Annabi (SAW) ya ce ba mai ɓoye kaya don su yi tsada sai mai saɓo. Rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Kuma ribar ina take zuwa? Liƙi a gidan biki, da sabuwar waya, da caca ta intanet, wannan ma wata masifar ce da zan dawo kanta wata rana.

Ku ji tsoron Allah ku sassauta, kifi na ganinka mai jar koma.

Da muna yara, in kakanmu ya buɗe rumbu sai an fara fitar da zakka, sannan a aike mu da ƙwarya gidajen zawarawa bayan isha'i don kada a ga wanda aka kai wa. Mai kuɗin unguwa da ɗan dako tabarma ɗaya suke zama su ci tuwo. Yanzu katanga ce mai tsawo da waya a samanta, ko sallama ba ka san ta ina za ka yi ba. Dattijon nan dai rabin kwano ya saya, ya ƙulle a bakin rawaninsa ya tafi.